A raba Google da Facebook gida-gida? Sai an fara gano gaɓa

Tambaya: Wani malamin makaranta ya rubuto yana cewa kullum sai ya ji an maka Google ko Facebook a kotu a Amurka da Turai, har wasu na cewa a raba su gida-gida don sun yi girma fiye da kima. Yana tambaya ko ya dace gwamnatoci su yi hakan, ko kuwa hassada ce kawai ake yi wa wanda ya yi fice. Ya kuma ƙara da cewa, tunda kyauta muke amfani da su, mu mene ne namu a ciki?

Amsa: Malam, na gode da wannan tambaya. Bari in fara da faɗa maka inda na tsaya. Akwai wuraren da nake ganin rabawa ce kaɗai magani, kuma ba su da yawa. Sauran wuraren kuwa, ko an raba, gobe za a wayi gari an koma gidan jiya. Mahauci gwani gaɓa yake nema kafin ya sa wuƙa. Wanda bai iya ba sai ya hau sara a kan ƙashi, ya dakushe wuƙa, ya ɓata nama. Yawancin masu kiran a raba, da masu cewa a ƙyale, ba su tsaya sun nuna mana inda gaɓar take ba.

Da farko, girma ba laifi ba ne a idon doka. Dokar Sherman ta Amurka, wadda aka kafa a 1890 kuma ita ce uwar dokokin hana babakere, ba ta hana mutum ya fi kowa ciniki ba. Idan ƙosan wata ya fi na kowa daɗi har layin unguwa duka ya koma gabanta, babu alƙalin da zai taɓa ta. Laifi yana farawa ne ranar da ta je ta biya mai injin markaɗe ta ce kada ya ƙara markaɗa wa kowa wake sai ita.

Kusan wannan ne abin da aka kama Google da shi. Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta shigar da ƙara a Oktoban 2020, kuma a Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa Google ya yi babakere a harkar bincike a intanet, ya kuma bi haramtacciyar hanya wajen riƙe shi. A gaban kotu aka bayyana cewa a shekarar 2021 kaɗai Google ya biya dala biliyan 26.3 ga masu ƙera waya da masu manhajar shiga intanet da kamfanonin sadarwa, don ya zama shi ne mai binciken da mutum zai tarar an riga an saita masa. A 2022 rabon Apple shi kaɗai ya kai wajen dala biliyan 20. Kusan kashi 90 cikin ɗari na bincike ta hannunsa yake bi. Google ya kare kansa da cewa mutane suna zuwa ne don ya fi kowa iya aiki, kuma alƙalin bai musanta ingancinsa ba. Amma tambayar da ba ta amsu ba ita ce, wanda ya yarda da kayansa har haka, me ya kai shi biyan wannan maƙudan kuɗi kowace shekara don kada a ga na maƙwabci? Saboda haka batun hassada, malam, ka cire shi. Kotu ce ta ji shaidu na makonni ta ga takardun cikin gida.

To amma da aka zo maganar hukunci a Satumban 2025, gwamnati ta nemi a tilasta wa Google sayar da Chrome, manhajarsa ta shiga intanet, alƙalin ya ƙi. Ya hana yarjejeniyar da ke cewa ni kaɗai, ya umarci kamfanin ya bai wa abokan hamayya wani ɓangare na bayanan bincike, amma ya bar shi ya ci gaba da biyan kuɗin. Mutane da yawa sun ce an yi masa sassauci, kuma a kan barin biyan kuɗin ina tare da su. A kan Chrome kuwa ina ganin alƙalin ya yi daidai. Chrome shi kaɗai ba ya kawo kuɗin kirki. Duk wanda ya saye shi, hanya mafi sauƙi da zai mayar da jarinsa ita ce ya sayar da wannan matsayi na farko ga wanda ya fi kowa biya, kuma mun san ko wane ne. Ka dubi Firefox, wata manhajar shiga intanet, ai ba na Google ba ne, amma mafi yawan kuɗin shigar masu shi daga Google yake zuwa ta wannan hanyar. Sara ne a kan ƙashi.

Tarihi ya ba mu misalai biyu da kowa ke kawowa. A 1911 Kotun Ƙolin Amurka ta raba Standard Oil na John D. Rockefeller zuwa kamfanoni 34. Abin dariya, Rockefeller ƙara arziki ya yi, don yana da hannun jari a dukkansu kuma darajarsu ta tashi. A 1999 manya biyu daga cikinsu, Exxon da Mobil, suka sake haɗewa. Na biyun shi ya fi koyar da mu wani abu. AT&T shi ke riƙe da wayar tarho ta Amurka kusan gaba ɗaya: layin da ke shiga gidanka nasa ne, layin kiran nesa nasa ne, har wayar da ke kan teburinka ma haya kake yi a wurinsa. An kai ƙara a 1974, aka sasanta a 1982, aka raba a ranar 1 ga Janairun 1984. Aka cire layukan cikin gari aka mayar da su kamfanoni bakwai na yanki-yanki, aka bar wa AT&T kiran nesa, aka kuma wajabta wa bakwai ɗin nan su haɗa kowane kamfanin kiran nesa da masu waya ba tare da fifiko ba. Nan da nan MCI da Sprint suka samu fili, kuɗin kiran nesa ya yi ta sauka.

Ka lura da inda amfanin ya fito. Ya fito ne daga raba mai gada da mai mota. Muddin wanda ya mallaki gadar da kowa zai bi shi ma yana da motocin haya, to motocin wasu za su yi ta kwana a bakin gada. Amma yanka ƙasar zuwa yanki bakwai bai haifar da wata gasa a cikin gari ba, kowane ɗaya sarki ne a yankinsa, kuma sannu a hankali suka yi ta haɗiye juna har ɗaya daga cikinsu, SBC, ya saye uwar tasu a 2005 ya ɗauki sunanta.

Mu a Najeriya mun ga irin wannan da idonmu. Dokar gyaran wutar lantarki ta 2005 ta raba tsohuwar NEPA zuwa kamfanoni 18: guda 11 na rarrabawa, 6 na samarwa, 1 na dakon wuta. A Nuwamban 2013 aka miƙa mafi yawan na rarrabawa ga 'yan kasuwa. To mutumin Kano yana da zaɓi ya ce yau wutar kamfanin Ibadan zai saya? Babakere ɗaya aka mayar goma sha ɗaya. Ka kwatanta da waya. NITEL ba raba ta aka yi ba, ƙofa aka buɗe a 2001, MTN da Econet suka shigo, Glo ya zo a 2003 da cajin sakan-sakan wanda a da ake ta cewa ba zai yiwu ba, sauran suka bi dole.

Wannan ya kawo mu ga dalilin da ya sa kamfanonin intanet suka fi na mai wahalar rabawa. Man fetur na wannan gidan mai da na wancan duk ɗaya ne, ba ruwanka da ko mutum nawa ke saye a can. Amma WhatsApp darajarsa ita ce kowa yana ciki. Kasuwa ce ranar cinta: kowa yana zuwa don kowa yana zuwa. Ka tuna farkon 2021, lokacin da WhatsApp ya canza sharuɗɗansa mutane suka yi ta tururuwa zuwa Signal da Telegram? Nawa ne suka iya rabuwa da shi gaba ɗaya? Zauren dangi yana can, na 'yan ajinku yana can, mai kawo maka kaya yana can. Idan yau aka raba masu amfani da shi kashi huɗu aka ba kamfani huɗu, kafin shekara ta zagayo za a sake taruwa a wuri ɗaya, a bar ukun nan kango.

To ina gaɓar take? Wuri na farko, kuma wanda na fi ƙarfi a kansa, shi ne harkar talla ta Google, duk da shi ne mutane suka fi ƙarancin sani. Duk lokacin da ka buɗe shafin jarida, kafin ka ƙifta ido an yi gwanjon filin tallan da za ka gani. Ɓangare uku ne a cinikin. Akwai manhajar da mai jarida ke amfani da ita ya sayar da filinsa, akwai wadda mai talla ke amfani da ita ya saya, akwai kuma dandalin da ake gwanjon. Google shi ne babba a wajen mai sayarwa tun da ya sayi DoubleClick kan dala biliyan 3.1, cinikin da aka kammala a 2008. Yana da ƙarfi a wajen mai saye. Dandalin gwanjon mafi girma, AdX, shi ma nasa ne, yana cire la'ada wajen kashi 20 cikin ɗari.

Duk wanda ya taɓa shiga kara ranar kasuwa ya san abin da wannan ke nufi. A ce dillalin mai saniya da dillalin mai saye mutum ɗaya ne, shi ne kuma sarkin kasuwar, shi kaɗai ya san tayin kowa, kuma ya kafa sharaɗi cewa in kana son manyan masu saye su ga saniyarka sai ta hannunsa. Ko waliyyi ne shi ba za ka samu natsuwa ba. A Afrilun 2025 alƙaliya Leonie Brinkema ta samu Google da laifin babakere a ɓangaren mai sayarwa da dandalin gwanjon, da kuma ɗaure su tare, kuma Ma'aikatar Shari'a ta nemi a tilasta sayar da AdX. A Satumban 2025 Hukumar Tarayyar Turai ta ci shi tarar yuro biliyan 2.95 kan wannan harka. Nan kam ni ina goyon bayan rabawa ba tare da jinkiri ba. Dandalin gwanjo yana iya tsayawa da ƙafarsa, yana da kuɗin shigarsa, kuma cire shi ba zai taɓa mai bincike ko mai kallon YouTube ba. Yana kuma taɓa mu kai tsaye, domin jaridun Hausa na intanet da ke rayuwa da kuɗin talla, ta irin wannan hanyar ɗan abin da suke samu yake biyowa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Irin wannan matsala ce a Amazon, wanda shi ne mai kasuwa kuma yana da rumfa a cikinta, yana ganin abin da ke tafiya a rumfar kowa. A Disambar 2022 ya yi wa Tarayyar Turai alkawarin daina amfani da bayanan sirrin masu sayarwa wajen tsara nasa cinikin. Indiya kuwa tun 2019 ta hana manyan kasuwannin intanet masu jarin waje sayar da kayan kamfanonin da suke da hannun jari a ciki. Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1906 Amurka ta hana kamfanonin jirgin ƙasa dakon kayan da su da kansu suka samar, musamman saboda kwal.

Wuri na biyu shi ne inda aka haɗiye abokin hamayya tun yana jariri. Facebook ya sayi Instagram a 2012 kan dala biliyan 1, lokacin ma'aikatansa 13 ne kacal kuma ba ya samun ko sisi. A 2014 ya sanar da sayen WhatsApp kan dala biliyan 19. Hukumomin Amurka suna kallo suka bari. Sai a Disambar 2020 hukumar kasuwanci ta FTC ta dawo tana neman a warware, tana kafa hujja da saƙonnin Mark Zuckerberg, ciki har da na 2008 inda ya nuna cewa saye ya fi gasa. Ihu bayan hari ke nan. A Nuwamban 2025 alƙali James Boasberg ya yanke cewa hukumar ba ta tabbatar da cewa Meta, uwar kamfanin Facebook, yana da babakere a lokacin ba, tunda ga TikTok ga YouTube suna gasa da shi.

Dole in yi adalci a nan. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa Instagram zai kai inda ya kai ba tare da kuɗi da injiniyoyin Facebook ba. Amma ni na tuna ranar 4 ga Oktoban 2021, da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke tare na kusan awa shida. Matan da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta waya, ranar shago uku suka rufe musu lokaci guda, don ashe mabuɗi ɗaya ne. Da masu su daban ne, da ɗaya ya rage. Abin da na ɗauka daga wannan shari'a shi ne hana cinikin tun farko ya fi arha nesa ba kusa ba. Birtaniya ta tilasta wa Meta sayar da Giphy, dandalin gajerun hotuna masu motsi, aka sayar wa Shutterstock a 2023 kan dala miliyan 53, ƙasa sosai da abin da ya saya. A ƙarshen 2023 kuma Adobe ya fasa sayen Figma, abokin hamayyarsa a manhajojin zane, kan dala biliyan 20 saboda hukumomin Turai da Birtaniya sun ƙi sakin fuska.

Batun lokaci ma babbar matsala ce da masu kiran rabawa ba sa so a ambata. Shari'ar kamfanin kwamfuta na IBM an fara ta a 1969, gwamnati ta janye a 1982, bayan shekara 13, lokacin duniyar kwamfuta ta riga ta canza. Microsoft an kai shi ƙara a 1998, alƙali Thomas Penfield Jackson ya ba da umarnin a raba shi biyu a 2000, kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar a 2001, wani ɓangare na dalilin kuwa shi ne alƙalin ya yi ta hira da 'yan jarida a ɓoye ana cikin shari'a. Duk da haka ba a yi aikin banza ba. Akwai masana da yawa, kuma ina cikin masu ganin haka, da suke cewa tsoron da Microsoft ya ji ne ya sa bai murƙushe wani ƙaramin kamfani da aka kafa a 1998 mai suna Google ba.

Tara kuwa, kada ta ruɗe ka. Ribar Alphabet, uwar kamfanin Google, ta kai wajen dala biliyan 100 a 2024. Waccan tarar ta yuro biliyan 2.95 ba ta kai ribar mako biyu ba. Shari'ar da aka yi wa Google a Turai kan fifita shafinsa na kwatanta farashi an buɗe bincikenta a 2010, aka ci tarar yuro biliyan 2.42 a 2017, kotun ƙarshe ta tabbatar a 2024. Ƙananan kamfanonin da suka kai kuka, da yawansu sun durƙushe kafin a gama.

Wannan ne ya sa Turai ta canza salo da dokar kasuwannin intanet, wadda sharuɗɗanta suka fara aiki a Maris 2024. Maimakon a jira laifi a yi shekaru a kotu, sai aka ayyana masu tsaron ƙofa, da farko guda shida: Alphabet, Amazon, Apple, ByteDance mai TikTok, Meta da Microsoft, aka gindaya musu abin yi da abin bari tun gaba. Dole Apple ya bar wasu shagunan manhaja a iPhone a Turai. Dole WhatsApp ya buɗe ƙofa ga wasu manhajojin saƙo. Tara tana iya kai kashi 10 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya, kuma rabawa tana nan a ajiye ga mai taurin kai. Wannan buɗe ƙofa shi ne maganin kasuwar da kowa ke zuwa don kowa na zuwa, kuma mu mun san daɗinsa. Mai layin Airtel yana kiran mai MTN. Tun 2013 kana iya ƙaura da lambarka zuwa wani kamfani. Kana tura kuɗi daga kowane banki zuwa OPay ko Moniepoint nan take, shi ya sa waɗannan sababbin suka iya tasowa a gaban tsofaffin bankuna. Da kowane banki ya kulle nasa, da babba ɗaya ya cinye sauran. Yana da wahalarsa dai, domin haɗa manhajojin saƙo ba tare da an raunana sirrin saƙon ba, ko an buɗe wa 'yan damfara hanya, aiki ne mai wuya.

Maganar kyauta da ka kawo, ita ce ta daɗe tana kare kamfanonin nan. Tun ƙarshen shekarun 1970 kotunan Amurka suka koma auna cutar babakere da farashi, abin da kuwa farashinsa sifiri ne yaya za ka nuna ya yi tsada? Amma kana biya da bayananka da lokacinka, kuma kuɗin tallan da kamfanin sabulu ya biya yana cikin kuɗin sabulun. La'adar da shagunan manhaja ke cira, har kashi 30 cikin ɗari a wasu cinikayya, a kan mai saye take ƙarewa.

Sai kuma abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya: Abuja ko Yamai ba za su raba Google ba. Kamfanonin Amurka ne, Amurka ce ke da wuƙar, ita kuwa tana kallonsu a matsayin zakarunta a gasarta da Sin. Abin da ƙasashenmu ke iyawa shi ne hukunta abin da aka yi a cikin gida. A Yulin 2024 hukumar gasa da kare masu saye ta Najeriya ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraren irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar a Afrilun 2025, kamfanin kuma ya yi nuni da cewa zai iya rufe Facebook da Instagram a ƙasar. Turai ba a yi mata irin wannan barazana da sauƙi, don mutum kusan miliyan 450 ne ke magana da murya ɗaya. ECOWAS tana da hukumar gasa ta yanki a Gambiya, kuma nan ne ya kamata a zuba ƙarfi. Ina kuma jan kunne: gwamnatin da ta dakatar da Twitter wata bakwai, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ta nuna mana cewa sandar da aka sara don babakere ana iya juya ta kan bakin mutane. Labaran ƙarya da zage-zage wata cuta ce daban, raba kamfani ba ya warkar da ita.

Inda nake sa ido yanzu shi ne ƙirƙirarriyar basira. Ɗaya daga dalilan da alƙali Mehta ya bayar na sassautawa shi ne ChatGPT da ire-irensa sun fara girgiza kasuwar bincike. Gaskiya ne. Amma ka duba su wa ke zuba musu jari da ba su hayar manyan na'urori: Microsoft yana bayan OpenAI mai ChatGPT, Amazon da Google suna bayan abokin hamayyarsa Anthropic. Wannan ba saye ba ne irin na Instagram, shi ya sa bai faɗa tarkon dokar haɗewar kamfanoni kai tsaye ba, ko da yake FTC ta buɗe bincike a kansa a Janairun 2024. Hukuncin Mehta ya haɗa da Gemini, mataimakin ƙirƙirarriyar basira na Google, cikin abubuwan da aka hana Google ƙulla yarjejeniyar ni kaɗai a kansu, kuma wa'adinsa shekara shida ne. Wayar da za ka saya nan da shekara biyu, ka duba wane mataimaki ka tarar an riga an saita maka a ciki, ka kuma gwada ko cire shi ka sa wani yana da sauƙi.